Kalmar Sirrin Goggo Zlatka

Tun kafin in fara gyaran kwamfuta na san Goggo Zlatka. Gidansu yana bayan namu, tare suka yi makaranta da mahaifiyata, shi ya sa har yau da na haura arba'in ba ta daina kirana yaro ba. Shekara talatin da ɗaya ta yi tana aiki a ofishin auna ruwa da ke bakin kogin Dunav. Kullum da sassafe takan biyo gaɓar kogi daga gida, ta sauka matakala, ta duba sandar awo ta ga inda ruwa ya kwana, ta auna sanyinsa, sannan ta hau ta buɗe ofis ta aika wa hedikwata kafin ƙarfe bakwai. Da wannan awon matuƙan jiragen dakon kaya suke sanin ko su wuce ko su jira.

Su uku ne a ofishin: ita, da shugabansu Todor Minchev, da Kiril mai tuƙa kwalekwalen ofis. Su biyun sai takwas suke zuwa. Ni kuma, Boyan, ina da ɗan shago kusa da tashar mota, kuma ni nake duba kwamfutocin ofisoshi huɗu ko biyar a garin, har da nasu.

A watan Oktoba hedikwata ta aiko musu sabuwar kwamfuta guda ɗaya. Todor ya ce a ɗora ta a teburin Goggo Zlatka, tunda tata ce ta fi tsufa. Da rana tsaka na haɗa ta. Ta zauna ta buga kalmar sirrinta, ta shiga ba gardama, ta ce abin ya yi mata sauri kamar wanda ake kora. Na tattara kayana na tafi.

Bayan kwana uku Todor ya kira ni.

"Boyan, zo ka duba mana. Wai ba ta iya shiga."

"Wai?"

"Ka dai zo."

Wajen goma na isa. Goggo Zlatka tana zaune da gyale a wuya, hannuwanta a kan cinya, ba ta taɓa komai ba.

"Da safe ba ta karɓar kalmata," in ji ta. "Sai ta fito da wani rubutu na Turanci ta mayar da ni baya."

"Me rubutun ya ce?"

"Rashanci aka koya mana a makaranta, yaro. Tambayi uwarka."

Na ce ta buga in gani. Ta buga a hankali, da yatsa ɗaya, tana motsa leɓe. Kwamfuta ta buɗe nan take. Muka kashe muka kunna sau uku, sau ukun tana buɗewa. Todor yana tsaye a bakin ƙofa da kofin kofi, na ga irin kallon da ya yi mata. Ita ma ta gani.

"A gabanku takan yi ladabi," ta ce.

Na ce ta riƙa lura da babban baƙi da ƙarami, kuma kada ta wuce gwaji biyu a jere, domin in ta yi kuskure sau uku hedikwata za ta kulle ta. Na tafi ina ganin na gama.

Mako guda aka yi a haka. Kullum bakwai ta yi awo bai shiga ba, sai ta ɗauki wayarta ta karanta wa ma'aikacin da ke karɓar awo a hedikwata da baki. Shi kuma ya rubuta cewa ofishinmu ya makara. Takarda ta farko ta zo wa Todor, ta biyu ta biyo. Kuma a daidai lokacin ne ake ta raɗe-raɗin za a kafa na'urar da ke auna ruwa da kanta, a rage mutum ɗaya daga ofishin. Ba wanda ya san wa za a rage.

Babbar kwamfutar da ke tantance kalmar sirri a hedikwata take, kuma tana rubuta duk wanda ya ƙwanƙwasa mata, ko ya shiga ko an kore shi. Na kira abokin aikina na can na ce ya duba min sunan Zlatka Doneva. Ya duba ya ce babu kuskure ko ɗaya. Ba ta taɓa buga kalmar da ba daidai ba. Hasali ma, kafin ƙarfe takwas babu alamar ta taɓa gwadawa.

Wannan ya tsaya min a rai. Matar nan ta ce tana gwadawa sau goma, sau goma sha biyu kowace safiya. Kundin ya ce ko sau ɗaya ba ta yi ba.

Todor ya same ni a shagon mai gurasar cuku na kusa da tasha, ya ja kujera ya zauna ba a gayyace shi ba. Na gaya masa abin da kundin ya nuna. Da na yi shiru da ya fi, amma na gaya masa.

"To ka gani," ya ce, yana kakkaɓe ɓurɓushi daga rigarsa. "Ko dai ba ta zuwa da wuri, tana karanto awon daga gado, ko kuma..." Ya taɓa gefen kansa da yatsa. "Ka tuna tsohuwarta."

Na tuna. Kowa a unguwarmu ya tuna. Mahaifiyar Goggo Zlatka ta yi shekara shida tana fita kasuwa da rigar barci tana tambayar mutane ko sun ga mijinta, wanda ya rasu tun kafin a haife ni.

"Jiya na ga ta rubuta kalmar a tafin hannunta da biro," in ji Todor. "Mutumin da ke tuna abu ba ya yin haka."

Da na ɗaga kai sai na hango Goggo Zlatka a ɗaya gefen titi, da jakar kasuwa, tana kallonmu ta gilashin shagon. Na ɗaga mata hannu. Ba ta ɗaga ba.

Washegari da na je ofishin in sake dubawa, na tarar da farin gari a yayyafe a kan madannan kwamfutar, siriri, sai ka duƙa za ka gane. Na tambaye ta mene ne.

"Fulawa ce. In wani ya taɓa bayan na tashi, zan ga yatsunsa."

"Wa zai taɓa, Goggo?"

Ta leƙa ƙofa ta ga Todor yana waya a ɗakinsa, sannan ta rage murya.

"Shi ne na ƙarshen fita. Yana canza kalmar da yamma, da safe in yi ta fama, in ya shigo takwas ya mayar da ita ta wayarsa. Kana tsammanin ban ga yadda yake latsa waya tun daga bakin ƙofa ba?"

"Ba shi da ikon yin haka."

"Shi ba shi da shi. Kai fa?"

Na yi dariya, ita ba ta yi ba.

"Gurasar da kuka ci jiya ta yi daɗi?" ta ce.

Na fita raina a ɓace. A hanya ina ta gaya wa kaina cewa haka cutar take farawa, mutum ya riƙa ganin kowa maƙiyinsa ne. Amma kuma wani gefen zuciyata ya fara auna Todor. Shi ne ya zaɓi a ba ta sabuwar kwamfutar. Shi ne zai fi kowa samun sauƙi in ita aka rage. Na sake kiran hedikwata na tambaya ko an taɓa canza kalmarta daga wani wuri. Aka ce sau uku aka canza a makon nan, duka daga teburinta, duka da rana. Ita ce da kanta. Abokin nawa ya tambaye ni, cikin wasa amma ba duka wasa ba, ko na tabbata na haɗa na'urar daidai. Daga nan na gane ni ma ina cikin waɗanda ake zargi.

Ranar Alhamis Kiril mai kwalekwale ya shigo shagona, ya rufe ƙofa a bayansa. Mutum ne da ba ya iya riƙe magana ta kwana.

"Ka ji abin da masunta ke cewa?"

"Me suka ce?"

"Fitilar ofishinmu. Da duku-duku tana kamawa tana mutuwa, tana kamawa tana mutuwa. Sun ƙirga, wata rana shida, wata rana takwas. Ana gani har daga tsallake." Ya matso. "Ka san surukinta yana da jirgi. Ka kuma san tabar da ake fasa-ƙwaurinta daga ƙasar tsallake a cikin hazo, sai an ba su alama suke tasowa."

"Kiril, matar nan ko taba ba ta sha."

"Ni ban ce tana sha ba. Oga ya riga ya ji. Ya ce in bai kai rahoto ba, wani zai kai, kuma a lokacin har shi za a haɗa. Ya ba kansa zuwa Litinin."

Ban gaya wa kowa ba. Ranar Juma'a shida saura na ajiye motata a bayan rumbun hatsin da aka daina amfani da shi, inda ake hango matakala da tagar ofis. Hazon kogi ya rufe tsallake gaba ɗaya. Ina zaune ina jin kunyar kaina, ga ni namiji da furfura ina leƙen ƙawar uwata.

Shida da minti goma ta ɓullo da tocila. Ashe ba makara take yi ba. Ta sauka matakala tana dafa ƙarfe, ta daɗe a ƙasa, ta hau, ta buɗe ofis. Fitila ta kama.

Na duba agogo. Minti biyu bai cika ba fitilar ta mutu. Ta sake kamawa. Bayan wani minti biyun ta sake mutuwa.

Na kalli kogi. Ba jirgi, ba wata fitila da ta amsa, sai hazo. A karo na huɗu na fito daga mota na hau. Ƙofar ba a kulle take ba. Na tura, na same ta a zaure cikin duhu, hannunta a kan babban makunnin wutar ofis. Ta haska min tocila a ido.

"Shi ya turo ka."

"Ba wanda ya turo ni. Goggo, me kike yi da wuta?"

"Abin da ka koya min."

"Ni?"

"Shekara nawa kana ce min in ta yi gardama in kashe in kunna? Soket ɗinta yana bayan durowar ƙarfe, ba na iya turawa. Nan ne kawai hannuna ke kaiwa. Gwaji biyu, ka ce kada in yi na uku. To sai in kashe in kunna, a fara sabon lissafi."

Na dubi makunnin. Na san akwai takardar da ta zo shekaru biyu da suka wuce cewa a riƙa kashe wutar ofis gaba ɗaya da yamma don rage ɓarna, in ban da layin firij. Na sani, amma ban taɓa haɗa ta da wannan ba, domin ni ban taɓa zuwa ofishin nan kafin tara ba.

"Kunna," na ce. "Ki yi duk yadda kika saba. Ba zan taɓa komai ba."

Ta ɗaga makunnin. Kafin mu taka daga zaure zuwa teburinta, kwamfutar ta riga ta tashi tana jiran kalma. Ta zauna, ta buɗe tafin hannunta ta duba, ta buga. Rubutun Turancin ya fito. Ta kai hannu za ta danna ya tafi, na riƙe wuyan hannunta.

Ba cewa ya yi kalmar ba daidai ba ce. Cewa ya yi bai sami wanda zai tambaya ba.

Na koma zaure na buɗe ɗan kabad ɗin da ke sama da wurin rataye riguna. A ciki akwai tsohon akwatin da ke haɗa ofishin da hedikwata, wanda ya girmi shagona. Fitilarsa ja ce, tana ƙyaftawa. Na ɗaga agogona na tsaya. Goggo Zlatka ta biyo ni ta tsaya a bayana, tana kallon hannuwana, ba akwatin ba.

"Me kake latsawa?"

"Ba na latsa komai. Ga hannuna."

Ja ta koma ruwan ɗorawa. Ta daɗe a haka. Sai da aka yi minti uku da daƙiƙa arba'in daga lokacin da ta kunna wuta, sannan ta zama kore.

"Je ki buga."

"Na riga na yi ɗaya."

"Wancan bai isa ko'ina ba. Je ki buga."

Ta buga. Kwamfuta ta buɗe.

Ba ta yarda ba. Ta ce in fita waje in bar wayata a kan tebur. Na fita na tsaya a sanyi, ta kashe wuta ta kunna, ta gwada nan take aka ƙi ta, ta jira kore da agogonta, ta gwada ta shiga. Sau biyu ta yi haka kafin ta buɗe min ƙofa. Sannan ta zauna ta shigar da awon ranar, bakwai saura kwata.

Na yi mata bayani yadda zan iya. Tsohuwar kwamfutarta minti biyar take yi kafin ta farka, don haka kullum akwatin yana riga ta shiryawa. Sabuwar kuwa cikin daƙiƙa goma sha biyar take tashi, ta nemi hedikwata ta tarar hanya ba ta buɗe ba tukuna. Shi ya sa kundin can bai taɓa ganin gwajinta ba. Kuma duk sanda ta kashe wuta, sai akwatin ya koma farko.

Ta saurara har na gama, idonta a kan tafin hannunta.

"Kenan daidai nake bugawa."

"Kullum."

"Tun ranar farko."

"Tun ranar farko, Goggo."

Ta ciro hankici ta jiƙa shi da ruwan kofi, ta fara goge biron a hankali.

"Na karɓi lamba wajen likitan ƙwaƙwalwa a birni," ta ce. "Ranar sha tara. Ban gaya wa 'yata ba. A gida na liƙa takarda a jikin kowace durowa, cokula, gishiri, magani. Ina kwana ina maimaita sunayen jikokina in ga ko wani zai ɓace." Ta ɗago. "Sau nawa na ce maka da safe take yi?"

"Kin faɗa."

"Sau nawa ka zo da safe?"

Na jawo jakar kayan aikina.

Gyaran bai ci minti ashirin ba. Na shiga cikin saitin kwamfutar na umarce ta da ta riƙa jira har layi ya tashi kafin ta nemi kalmar kowa. Na mayar da rubutunta zuwa harshenmu, abin da ya kamata in yi tun ranar da na haɗa ta. Sannan na jawo waya na mayar da akwatin kan layin firij, don ya riƙa kwana a kunne. Muka gwada sau uku daga babban makunni. Sau ukun ta shiga.

Takwas saura Kiril ya iso, ya gan ni, ya ce zai je ya duba injin kwalekwale. Todor ya shigo bayansa da wayarsa a hannu. Na gaya masa komai a tsaye, har da maganar fitila. Ya saurara, kunnuwansa suka yi ja.

"To ai shi ke nan," ya ce. "An gano. Zlatka, ba wanda ya ce..."

"Buɗe durowarka."

"Me?"

"Ta sama, ta hagu. Tun Laraba kake kulle ta, da ba ka kullewa."

Ya ciro makulli ya buɗe. Rahoto ne shafi ɗaya da rabi, ba a sa hannu ba. Ta karɓa ta sa tabarau ta karanta a tsaye, har ƙarshe. Da ta zo kan sunan surukinta sai ta dube shi ta saman tabarau, ta ci gaba.

"Ban aika ba," in ji Todor.

"Litinin ba ta yi ba ne." Ta ninke takardar ta sa a jakarta. "Me ya sa ni ka ba sabuwar?"

"Don taki ta tsufa. Don in kyauta miki."

"Haka ka ce."

Ta sa ni na zauna na rubuta wa hedikwata cewa makarar kwana goma sha ɗayan nan daga haɗin na'ura ne, ba daga ma'aikaciya ba. Na rubuta cewa an samu "rashin fahimta". Ta ce in goge, in rubuta wanda ya haɗa na'urar da sunansa. Na rubuta sunana. Todor ya sa hannu a ƙasa, ta tsaya a kansa har takardar ta tafi.

Na'urar awon da ake ta magana ba ta zo ba sai bayan shekara biyu, kuma a lokacin Goggo Zlatka ta riga ta ajiye aiki don kanta. Ita da Todor ba su wuce gaisuwar safe ba har Kirsimeti, lokacin da matarsa ta aiko mata da kwalbar zuma. Ta karɓa, amma ni ta ba in kai wa mahaifiyata.

Ranar sha tara kuma ta je birni duk da haka. Ni na kai ta a motata, don ta ce ba ta son a gan ta a tasha. Likita ya sa ta zana agogo, ta ƙirga daga ɗari zuwa baya bakwai-bakwai, ta maimaita kalmomi biyar bayan minti goma. Ya ce mata kanta ya fi nasa lafiya. A hanyar dawowa, da muka wuce gonakin inabi, sai ta ce likitan yaro ne, kuma ta lura tun kafin ta gama zanen ya fara rubutu.

"Za mu nemi wani bayan sabuwar shekara," ta ce. "Tsoho. Kuma ba kai za ka zaɓa ba."